Stover Kulp, Baƙon da Ya Sauka a Gindin Tsamiya

Wanda ya tashi daga Sabon Layi a cikin garin Mubi, ya shiga mota ya kama hanyar Mararaba, ba zai yi awa guda ba sai ya iske kansa a wani ƙauye da ake kira Kwarhi. A nan ne hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wato ikilisiyar da aka fi sani da EYN. A gefenta akwai makarantar horon fastoci mai ɗauke da sunan Kulp. Yara da yawa a ƙasar Mubi da Hong da Michika sun taso suna jin wannan suna, har wasu sukan zaci sunan wuri ne. Alhali kuwa sunan mutum ne, wani Ba'amurke da ya yi shekara 40 yana zaune tsakanin Bura da Margi, ya koyi harsunansu, ya kuma binne matarsa da ɗansa a ƙasarsu.

An haifi Harold Stover Kulp ran 29 ga Satumba, 1894, a karkarar Pottstown, cikin jihar Fensilbaniya ta Amurka. Iyayensa manoma ne, saboda haka tun yana ƙarami ya san wahalar gona da kiwon dabba. Wannan ya amfane shi daga baya, domin mutanen da ya zauna cikinsu su ma manoma ne, kuma manomi ba ya sakin jiki da wanda bai san zafin fartanya ba.

Gidansu mabiya wata ƙaramar ɗarikar Kirista ne da ake kira 'Yan'uwa. Asalinta daga Jamus ne. A shekarar 1708 wani mutum mai suna Alexander Mack da abokansa bakwai suka kafa ta a ƙauyen Schwarzenau. Da tsanani ya yi musu yawa a Turai, sai akasarinsu suka ƙaura zuwa Amurka. An san 'yan wannan ɗarika da wasu al'adu. Ba sa yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya girma ya nema da bakinsa, sa'an nan a nutsar da shi cikin ruwa sau uku. Sukan wanke wa juna ƙafafu a lokacin wata liyafa ta ibada, don kada babba ya ɗauki kansa ya fi ƙarami. Abin da suka fi shahara da shi kuwa shi ne ƙin yaƙi da ƙin ramuwa. Mai karatu ya riƙe wannan na ƙarshe, domin za mu sake gamuwa da shi.

Kulp ya yi karatu a Kwalejin Juniata, ya gama a 1918, ya kuma yi aikin fasto na 'yan shekaru, har a birnin Filadelfiya. A 1921 ya auri Ruth Royer. A wannan lokaci ɗarikarsu ta riga ta aika da 'yan mishan zuwa Indiya da Sin, amma ba ta da kowa a Afirka. Shi da wani abokinsa, Albert Helser, suka nemi a tura su. Suka bar matansu a gida tukuna, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Legas a ƙarshen Disamba, 1922.

Ba su ne farkon 'yan mishan a Nijeriya ba, ko kusa. Tun 1846 Hope Waddell ya sauka Kalaba da sunan ikilisiyar Firesbiteriyan ta ƙasar Sikotlan, kuma a can ne Mary Slessor ta yi aikin da ya sa har yau ake karanta labarinta a makarantu. Amma Arewa daban take. Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar, sun ɗaukar wa sarakunan Musulmi alkawarin ba za su tsoma baki cikin addininsu ba. Saboda haka ba a barin ɗan mishan ya zauna inda ya ga dama, sai dai a yankunan masu bin addinin gargajiya, shi ma da izini. Ta haka ne mutanen Denmak suka sami zama a Numan a 1913. Kulp da Helser kuwa suka sa ido a kan ƙasar Bura, a kudancin Lardin Borno.

Jirgin ƙasa ya kai su Jos. Daga nan mafi yawan tafiyar a kan doki da ƙafa aka yi ta, tare da 'yan dako, har suka isa Biyu. Niyyarsu su zauna a nan, amma ba a yarda ba, domin Biyu gari ne mai sarki Musulmi. Aka nuna musu Garkida, wani ƙauye a bakin kogin Hawul. Ran 17 ga Maris, 1923, da sassafe, kafin a fara haƙa harsashin ɗakinsu na farko, suka tara ma'aikatan a gindin wata tsamiya, suka yi karatu da addu'a. Yawancin waɗanda suka tsaya a wurin ba su fahimci abin da ake yi ba, aiki suka zo nema. Duk da haka wannan rana ce EYN take lissafawa a matsayin ranar haihuwarta.

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin abin da ya biyo baya ya shafe mu, mu masu fama da koyon harshen da ba namu ba. Kulp ya zo yana ɗan shekara 28, bai san ko kalma ɗaya ta Bura ba. Babu ƙamus, babu littafin nahawu, babu malami mai allo da alli. Harshen ma ba a saba rubuta shi ba. Hanyar da ta rage ita ce ta yara: a nuna abu a tambayi sunansa, a maimaita, a yi kuskure, a sha dariya, a sake. Bura ɗan'uwan Hausa ne, dukansu daga zuriyar harsunan Cadi suke, kuma kamar Hausa yana da karin sauti, wato hawa da saukar murya suna iya sauya ma'anar kalma. Bature kuwa kunnensa bai saba da wannan ba. Ga kuma wasu baƙaƙe da babu irinsu a Ingilishi, kamar wanda ake rubutawa da haruffa uku, thl, wanda iska ke fita ta gefen harshe in an furta shi. Dole su zauna su yanke shawarar yadda za a rubuta kowane sauti, sa'an nan su gwada a kan yara su ga ko ya karantu.

Akwai wata shawara da suka yanke wadda ta fi ta haruffa nauyi. Da suka zo fassara sunan Allah, ba su kawo wata baƙuwar kalma ba. Sun tarar Bura suna kiran Mahalicci Hyel, sai suka ɗauki wannan suna. Haka aka yi daga baya da Iju a harshen Margi. Wanda ya zauna a wannan yanki ya san sunayen mutane da yawa da suke farawa da Hyel ko Iju. Kafin shekarar 1923 ta ƙare an buɗe makaranta a Garkida, a 1925 kuma aka buga Bishara ta Markus cikin Bura. Ga malamin harshe wannan saurin abin mamaki ne, ko da yake dole mu tuna ba su kaɗai suka yi aikin ba. Kowace jimla sai da ta bi ta bakin wani ɗan ƙasa wanda ya gyara ta, kuma sunayen irin waɗannan mataimaka ba su cika fitowa a bangon littafi ba.

Matansu sun iso a ƙarshen 1923, likita na farko kuma, Homer Burke, ya zo a 1924. Murnar ba ta daɗe ba. A watan Yuni na 1924 Ruth ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Aka binne su a Garkida. Asibitin da aka gina a garin daga baya sunanta aka sa masa. Mutum mai shekara 29, a ƙasar da ba tasa ba, da ya tattara kayansa ya koma gida ba wanda zai ga laifinsa. Bai koma ba sai da lokacin hutunsa ya yi.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga rigima da hukuma. Manyan Turawan mulki na Lardin Borno ba su so zaman mishan a cikin lardinsu ba, suna ganin zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Aka nemi a tashe su daga Garkida. Su kuwa suka kai kuka gaba, aka yi ta rubuce-rubuce da kai da kawowa. A ƙarshe maganar ta mutu ta wata hanya da ba a zata ba: aka gyara iyakar larduna, Garkida ta faɗo cikin Lardin Adamawa. Shi ya sa yau Garkida take cikin Ƙaramar Hukumar Gombi ta Jihar Adamawa, alhali yawancin Bura suna Jihar Borno.

A 1926 Kulp ya sake aure. Matar ita ce Christina Masterton, 'yar ƙasar Sikotlan, wadda ta riga ta yi aikin mishan a wani sashe na Afirka kafin su haɗu. Mace ce mai kunnen harshe da waƙa, ta kuma taimaka ƙwarai wajen shirya waƙoƙin sujada cikin harsunan ƙasar. A 1927 suka nufi gabas zuwa ƙasar Margi. Suka fara zama a Dille, daga baya aka kafa tasha a Lassa, kusa da kogin Yedzaram, wato kogin nan da ya ratsa ta Mubi. Ma'anar wannan ƙaura ita ce Kulp ya koma ɗan aji ɗaya, domin Margi harshe ne dabam, kuma masana harsuna sun san shi da yawan baƙaƙe. Ya sake zama ya koya, ya sake fassara. (Sunan Lassa ya zaga duniya daga baya ta wata hanya mai ban tausayi. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan ɗin, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da likitoci ba su san shi ba, ta rasu. Daga nan aka raɗa wa cutar sunan garin.)

A wannan shekara ta 1927 ne aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma a Garkida: Njida Gwari, da Pilesar Sawa, da Risku Madziga, da Ibrahim Shellangwa. Shekara huɗu ana aiki, mutum huɗu aka samu. Wanda ya auna da wannan ma'auni zai ce an yi asara. Amma waɗannan samari da irinsu su ne suka zama malamai da masu wa'azi, suka shiga ƙauyukan da Bature bai taɓa takawa ba.

Abu uku mishan ɗin ya dogara a kansu: makaranta, da asibiti, da gona. Amma idan aka tambaye ni wanne ne ya fi yaɗa ikilisiyar, zan ce wani wuri ne da mutane ke gudu. A 1929 aka buɗe mazaunin kutare kusa da Garkida. A zamanin nan kuturta ciwo ne da ke raba mutum da danginsa, a ware masa ƙwarya da bukka. Da labari ya bazu cewa akwai inda ake karɓar irin waɗannan mutane ana yi musu magani, sai suka yi ta zuwa daga nesa, ƙabila-ƙabila. Jinyar takan ɗauki shekaru. A cikin wannan zama mai tsawo suka yi noma, suka koyi karatu, wasu suka karɓi sabon addinin. Wanda ya sami sauƙi ya koma garinsu, sai ga wanda aka fitar da rai da shi ya dawo da ƙafafunsa, yana kuma iya karanta takarda. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi jinya a can shi ne Mai Sule, ɗan gidan sarautar Biyu, wanda ya zama fasto, har ya shugabanci ikilisiyar baki ɗaya.

Tashoshi suka ƙaru: Marama, da Chibok a 1941, da Gulak a 1948, da Mubi a 1954, da Uba, da Mbororo a ƙasar Kamwe. A 1942 mishan ɗin ya buɗe makarantar Hillcrest a Jos, a 1952 kuma aka fara makarantun Waka kusa da Biyu, inda aka horar da malamai masu yawa. Wasu ƙungiyoyi suka shigo aka haɗa hannu, ciki har da Mishan na Basel daga Suwizalan da Jamus, waɗanda suka yi aiki a duwatsun Gwoza.

Wannan yaɗuwa ta zo da matsalar da Kulp bai iya warware ta da ƙwazonsa shi kaɗai ba. Mutum yana iya koyon harshe biyu ko uku, amma yanzu ga Kilba, ga Kibaku, ga Kamwe, ga Fali, ga Gude, ga Glavda, kowa da bakinsa. Idan wakilansu suka taru a zaure ɗaya, da wane harshe za a yi magana? Fulatanci yana da ƙarfi a Adamawa, Barbarci a Borno, Ingilishi kuwa sai 'yan boko. Sannu a hankali Hausa ta cike gurbin. Ita ce harshen kasuwa da na tafiye-tafiye, ga shi kuma tun 1932 an buga Littafi Mai Tsarki dukansa cikinta. Saboda haka ikilisiyar da aka fara da Bura da Margi ta wayi gari sunanta na Hausa, taronta da Hausa, alhali kaɗan ne cikin mabiyanta Hausawa. An sami riba, domin an fahimci juna. An kuma yi hasara, domin karatu da rubutu cikin ƙananan harsunan ya ja baya, har yanzu ana ƙoƙarin farfaɗo da shi.

Christina ta rasu a 1952. Shekarun da suka rage masa a Nijeriya Kulp ya ba da su ne ga abu guda, wato yadda ikilisiyar za ta tsaya da ƙafafunta, ta kuma haɗa kai da maƙwabtanta. Bai ga dalilin da zai sa rarrabuwar ɗarikun Turai da Amurka ta zama gado ga mutanen Afirka ba. A 1955 aka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, TEKAS, wadda yau ake kira TEKAN. Sudan a nan ba ƙasar da ke da babban birni Khartum ake nufi ba, tsohon suna ne na dukan yankin da ke kudu da Sahara. A cikin tarayyar akwai Lutheran na Numan, da ikilisiyoyin Filato, da na Binuwai masu bin tsari irin na Firesbiteriyan. Ikilisiyar su Kulp ta shiga da sunan Lardin Gabas, don ita ce a gabashin sauran.

Tsarin mulkin da aka shimfiɗa mata na majalisu ne, hawa-hawa. Kowace ikilisiya tana da majalisarta ta fasto da dattawa. Ikilisiyoyin yanki ɗaya sukan haɗu su zama gunduma. A bisa duka akwai babban taron shekara, wanda har yau ake ce masa Majalisa, ko da mai maganar da Ingilishi yake yi. Wannan ya yi kama da tsarin Firesbiteriyan, wanda sunansa ma daga kalmar Helenanci ce mai ma'anar dattijo. Amfaninsa shi ne ba a rataya kome a wuyan mutum ɗaya ba, in shugaba ya tafi majalisa tana nan.

Ba za a ce duk abin da 'yan mishan suka yi daidai ne ba. Da yawa cikinsu sun yi wa al'adun mutane kallon raini, sun hana abubuwan da ba su tsaya sun fahimta ba. Maganar mai mata fiye da ɗaya ta raba gidaje, ta kuma daɗe tana damun ikilisiyar. Sai da aka yi kusan shekara 30 kafin a fara naɗa 'yan ƙasa fastoci, wannan kuwa jinkiri ne, kowane irin uzuri aka kawo. Kulp yana cikin wannan tsari, yana da rabonsa na laifin. Abin da za a shaide shi da shi shi ne yana cikin waɗanda suka ga cewa zamanin ya wuce, suka kuma yi aiki don a miƙa ragamar.

A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, aka buɗe makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a garin Mubi. Abin lura, a lokacin Mubi ba ta gama zama Nijeriya ba tukuna. Tana cikin yankin amana na Majalisar Ɗinkin Duniya wanda Ingila ke riƙo, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo sosai, ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Ba da daɗewa ba aka mai da makarantar Kwarhi, inda akwai filin noma. Ɗalibi yakan zo da iyalinsa, a ba shi gona, ya yi karatu ya kuma koyi huɗa da shanu, don in ya koma ƙauye ya ciyar da kansa ba tare da ya zama kaya a kan jama'a ba. Wannan makaranta ce aka sa wa sunan Kulp.

Ya yi ritaya a 1963, ya koma Fensilbaniya. Bai daɗe ba, ya rasu ran 12 ga Oktoba, 1964, yana da shekara 70. Bai ga ranar da ya yi wa aiki ba, domin sai a 1972 ne Lardin Gabas ya sami cikakken ikon kansa, daga baya kuma ya ɗauki sunan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Yau mabiyanta sun fi na uwar ɗarikar da ke Amurka yawa nesa ba kusa ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne shekara 50 bayan rasuwarsa. Rikicin Boko Haram ya faɗa wa yankin nan, ya ci Musulmi da Kirista, kuma da yake tushen EYN a nan yake, ta sha wuya ƙwarai. Yawancin 'yan matan da aka sace a makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014 'ya'yan mabiyanta ne. Ran 29 ga Oktoba na wannan shekara maharan suka shiga Kwarhi da Mubi. Mutanen Sabon Layi da sauran unguwanni ba su manta da wannan rana ba, yadda aka bi daji da duwatsu da ƙafa, wasu har Kamaru. Shugabannin ikilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci. A cikin wannan hali ne tsohuwar koyarwar nan ta ƙin ramuwa ta zama abin da za a aikata, ba abin karantawa a littafi kawai ba. Shugabannin suka yi ta kiran mabiyansu da kada su ɗauki fansa a kan maƙwabtansu, kuma agajin da suka raba ya kai ga Musulmi da Kirista waɗanda suka rasa matsuguni.

Da ƙura ta lafa aka koma Kwarhi, aka gyara abin da aka lalata, ɗalibai suka koma aji da gona. A watan Fabrairu na 2020 aka kai hari Garkida kanta, aka ƙone gidaje da majami'u. Bayan shekara uku, a watan Maris na 2023, jama'a suka taru a Kwarhi da Garkida don bikin cika shekara 100, har da baƙi daga Amurka, suka je wurin da aka yi addu'ar farko a gindin tsamiya.